Bappa Ya Zo Gaisuwa Sau Uku

Shekarun baya, lokacin da tumbina bai fara riga ni shiga ɗaki ba, na taɓa yin kansila a nan Gombe. Na san wasu daga cikin masu bibiyata za su yi dariya, don yanzu sun fi sanina da shagon kayan gini da gardamar ƙwallo. To, na yi. Zango ɗaya tak, amma na sha "Honarabul" har kunnena ya saba, in aka kira ni da sunan yanka sai na waiga ina neman wanda ake nufi. Na ɗinka manyan riguna uku, na koyi tafiya a hankali, na koyi yin tari kafin magana. Matata ta ce ko banɗaki zan shiga sai na gyara zaman hula.

Mazaɓata tana can gefen Manawashi. Wanda ya san Gombe ya san a kwari garin yake zaune, ƙasarsa kuma yashi ce, ba ta da riƙo. In aka yi ruwan sama mai ƙarfi, duk abin da ya sauka a tudu ta cikin unguwanni yake neman hanya. A bayan unguwarmu akwai wani kwari da muna yara muke tsallake shi da gudu. Kafin in hau kujera ya yi zurfin da ko raƙumi ya shiga ba za a hango tozonsa ba, kuma kowace damina sai ya ƙara gutsurar gefe. Gidaje bakwai ne a bakinsa. Wanda ya fi kusa da faɗawa shi ne na abokin mahaifina.

Bappa muke ce masa. Dogon Bafulatani ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. Tare suka yi kiwo da mahaifina suna samari, daga baya ya sayar da 'yan shanunsa ya shigo gari, ya kama sayar da igiya da takunkumin shanu a Kasuwar Gombe. Da wannan ya gina gidansa, zaure da ɗakuna biyu da bishiyar lemun tsami a tsakar gida, kuma da hannunsa ya buga yawancin tubalin. Ranar da mahaifina ya rasu shi ya yi masa wanka, shi ya tsaya a kanmu har aka raba gado ba wanda ya ji kanmu. 'Ya'yansa maza duk sun rasu suna ƙanana, 'ya ɗaya ta rage masa, tana aure a Kumo. Ban da gidan nan ba shi da komai a duniya.

Ni ma Bafulatani ne, in ji hancina. Amma na gari ne, Fillancina bai wuce "jam na?" ba, in aka zarce da magana sai in koma murmushi. Fulako kuwa, wannan kunya da kawaici da ke hana mutanenmu buɗe baki su roƙi abu, na san shi a labari. Na ɗauka ya tafi da shanu.

A shekarata ta biyu shugaban majalisarmu ya ce kowane kansila ya zaɓi babban aiki guda ɗaya a mazaɓarsa, a yi kafin damina ta kankama. Guda ɗaya, ba biyu ba. Maganar ba ta kwana ba ta karaɗe unguwa, zaurena ya koma kamar tasha. Tun da safe mutane ke cika shi: 'yan jam'iyya, masu takardar asibiti, masu katin suna, da waɗanda suka zo tuna mini cewa ba don su ba da ban ci zaɓe ba.

Cikin irin wannan cinkoso na hango Bappa wata safiya, ya ajiye takalmansa a waje, ya zauna can ƙarshen tabarma da sandarsa a gefe. Ya jira har kowa ya watse. Na taso na ce, "Bappa, ai da ka aiko an kira ni."

Ya ce, "A'a, ɗana. Shugaba ba a kiransa, zuwa ake yi. Gaisuwa ce kawai."

Na sa aka kawo masa shayi, ya ce ya ƙoshi. Ya tambayi Dada, wato mahaifiyata, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya yi mini addu'a, ya tafi. Na ji daɗi ƙwarai. Har na ce wa matata ka ga dattijon kirki, shi kaɗai ne ya zo bai nemi komai ba.

Bayan mako guda ya dawo, da ƙwaryar kindirmo wai a ba yara. Na tambaye shi Goggo, matarsa ke nan. Ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Sai dai yanzu ba ta cika son ganin hadari ba." Na yi dariya na ce tsufa ne, ita ma Dada tsawa ɗaya take shigewa ɗaki. Ya yi murmushi ya ce haka ne.

A tsakanin nan na kira taron jin ra'ayi a harabar firamaren unguwa, don a ce kansila yana shawara da jama'a. Matasa suka zo da ƙarfinsu. Ɗaya ya karɓe lasifika ya ce, "Honarabul, ba dogon turanci. Titi da fitilar sola, shi ke nan! Aikin da za a gani muke so, wanda ko baƙo ya shigo zai san muna da kansila." Aka ɗauki tafi. Masu shaguna na bakin hanya suka mara musu baya, su ma da gaskiyarsu, don titin ya yi ramuka, masu keke napep suna ƙin shigowa. Ni kuwa ina zaune a tebur ina rubutu, wanda ya fi ɗaga murya shi nake sa wa a sama. Mutanen bakin kwari sun zo su uku ko huɗu, tsofaffi, suna tsaye a baya ƙarƙashin dalbejiya. Ba wanda ya miƙa musu lasifika, su ma ba su nema ba.

Mutum ɗaya ce ta faɗa mini gaskiya ba kwana-kwana, injiniyar sashen ayyuka. 'Yar Tangale ce, mace mai kaifin baki, wadda ba ta iya "ranka ya daɗe" ba ko da kuɗi. Ta shigo ofis ta ajiye mini wayarta a kan tebur, hotunan kwarin ne ta je ta ɗauko da ƙafarta.

Ta ce, "Honarabul, duba nan. Ruwa ya riga ya ci ƙarƙashin wannan gidan, ta sama ne kawai yake kama da gida. In aka ɗaure bakin kwarin da dutse da siminti, aka juya ruwan, za su tsira. Titinka zai jira ka shekara biyu. Wannan ba zai wuce watan Agusta ba."

Na ce, "Injiniya, gida bakwai ne fa. Titi kuwa kowa ke bi."

Ta ce, "To mu je ka gani da idonka. Minti goma ne."

Na ce ina da taro. Hujjata ta gida bakwai ba ƙarya ba ce, kuma na yi shekaru ina fakewa a bayanta. Amma yau zan faɗi abin da ke ƙarƙashinta. Katanga a bayan unguwa ba mai ganinta. Ba inda za a kafa rumfa, ba inda za a yanka ƙyalle, ba inda za a kafa allo mai sunana. Zaɓe na gaba nake hange, kuma a lissafina na lokacin, tsofaffi bakwai ba sa cika akwati.

Kwana biyu kafin in miƙa zaɓina Bappa ya zo karo na uku. Ya jira kowa ya fita kamar kullum. Bayan gaisuwa ya murza sandarsa, sannan ya ce, yana 'yar dariya, "Maƙwabcin namu na baya yana ta matsowa. Bara ya karɓi katangar makewayi. Muka ce to, zama da maƙwabci sai haƙuri."

Na ce, "Za a duba, Bappa, in sha Allahu."

Wannan "za a duba" ita ce kalmar da na fi ƙwarewa a kanta a duk zamana na kansila. Ina faɗinta ina duban waya, ina faɗinta ina sa takalmi. Ran nan ma ina neman makullin mota na faɗe ta. Bappa ya ce, "Madalla, Allah ya yi riƙo da hannunka," ya miƙe.

Da yamma Dada ta aiko a kira ni. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, "kai wannan" take ce mini ko bayan na zama Honarabul. Ta ce, "Kai wannan, sau nawa abokin babanka ya zo gidan nan?"

Na ce, "Sau uku, Dada. Gaisuwa yake zuwa."

Ta ce, "Sa'an ubanka ya tako zuwa wurinka sau uku, ya zauna a ƙarshen tabarma cikin yara, ka ce gaisuwa? Ruwa ba ya tsami banza. Irinsu ba sa roƙo da baki, ƙafarsu ce take roƙo. Ka tashi ka je gidansa ka ga abin da ya kawo shi."

Na ce to. Na kuma yi abin da a ganina ya fi zuwa. Na ce a raina tsoho ne, kasuwa ta ja baya, damina na tafe, abinci ne matsalar yana jin kunyar faɗa. Na sayi buhun shinkafa da jarkar mai, na ɗora wa mai keke napep na ce a kai gidan Bappa, a ce in ji kansila. Har wani daɗi na ji, wai na gane fulako.

Da Dada ta ji, ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Shinkafa ka aika wa mutumin da ya wanke ubanka?" Ta juya ta ci gaba da tsintar wakenta. Daga baya na ji cewa Bappa ya yi godiya, ya sa aka kai buhun wurin liman a raba wa marayu. Bai sake zuwa zaurena ba. Ni kuma da na ga ya daina zuwa sai na ɗauka matsalar ta warware.

Aka yi titi, aka kafa fitilu. Ranar buɗewa na sa babbar rigata mai aiki har ciki, makaɗa suka wasa ni, matasa suka ɗaga ni sama har hulata ta faɗi. Aka kafa allo mai sunana da manyan haruffa. Na yi jawabi na lissafa abubuwan da na sa a gaba: hanya, haske, tsaftar unguwa, da sana'a ga matasa. Ban ambaci kwari ba, ba wanda kuma ya tambaye ni. Injiniya tana gefe da lemarta, ba ta tafa ba.

Wata Juma'a a cikin Agusta, bayan an sauko daga masallaci, hadari ya haɗo daga gabas. Ina GRA a falon wani babban ɗan siyasa, muna layin gaisuwa irin tamu, wadda kowa ya san abin da ke cikinta. Aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya fi awa biyu. Yana tsagaitawa wayata ta yi ƙara. Injiniya ce. Ba ta ce Honarabul ba, ba ta gaishe ni ba. Ta ce, "Ka zo bakin kwari yanzu."

Wannan ne karo na farko da na taka wurin tun da na hau kujera. Na bi ta sabon titina, na ajiye mota a ƙarshensa, na ƙarasa da ƙafa cikin taɓo. Yawancin gidan Bappa babu shi. Ɗakunan biyu da bishiyar lemun duk suna can ƙasa, jan ruwa yana bi ta kansu. Zauren ne kawai ya rage a tsaye, ƙofarsa ta ciki tana buɗewa kan rami. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Maƙwabta sun ji ƙasa tana ƙara suka fizgo Goggo, tana zaune a gidan wani malamin makaranta an lulluɓe ta da zanen matarsa, tana rawar sanyi. Gidaje biyu na kusa su ma sun tsage.

Bappa yana tsaye a ƙofar zauren, rigarsa jiƙe sharkaf. Da ya gan ni sai ya tako ya tarye ni kamar na zo suna. Ya ce, "Sannu da zuwa, kansila. Ka sha hanya cikin ruwan nan. Ka yi haƙuri, ba wurin zama."

Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Sai na faɗi mafi wautar magana da na taɓa yi a rayuwata. Na ce, "Bappa, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan. Ya ce, "Ɗana, ai na zo."

Na yi ta ƙoƙarin gyara abin da ba ya gyaruwa. Na ce zan kama masa haya, ya ce Allah ya saka da alheri. Na ce ya dawo gidana, akwai ɗakin mahaifina, ya ce Allah ya jiƙan mai ɗakin. Duk wanda ya san su ya san wannan a'a ce. Bayan kwana huɗu mijin 'yarsa ya zo da mota daga Kumo ya kwashe su da ɗan abin da aka tsamo.

Wanda ba namu ba zai ce ai an samu mafita, ya koma wurin 'yarsa. Amma a wurin dattijon Bafulatani, zama a gidan suruki abu ne mai nauyi. Mutumin da ko haɗa ido ba ka yi da shi, ba ka cin abinci a gabansa, in ka hango shi ka canja hanya, yau ga ka a ƙarƙashin rufinsa. Surukin mutumin kirki ne, ya ba su ɗaki mafi kyau a gidan. Duk da haka na ji cewa Bappa yana fita tun da sassafe ya zauna a gindin wata tsamiya kusa da masallaci, ba ya komawa sai ya tabbatar maigidan ya shige ɗakinsa. Na je gaishe shi sau biyu, a gindin tsamiyar na same shi duka biyun. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya tambayi Dada, ya tambayi yara, ya tambaye ni aiki. Bai taɓa ambatar gidan ba, ni ma ban iya ba.

Shekarar da ta biyo na sa kwarin a saman takardata, har da jan biro. Ihu bayan hari. Kafin a kai ga yin wani abu zangonmu ya ƙare, matasan da suka ɗaga ni sama suka ɗaga wani, ban ko samu tikitin tsayawa ba. Fitilun sun yi 'yan shekaru suna ci, daga baya suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Titin yana nan, ana bi, ba zan ce bai yi amfani ba. Allon ma yana nan, mai shayi ya ɗaure igiyar rumfarsa a jiki. Kwarin kuwa sai bayan shekaru aka zo da babban aiki aka ɗaure shi, aka dasa itatuwa. Inda gidan Bappa yake yanzu gangare ne mai ciyawa, awaki na kiwo.

Shekara uku ya yi a Kumo. Wata safiya ina buɗe shago, rediyon maƙwabcina mai sayar da fenti yana karanta sanarwar rasuwa. Kun san yadda ake yinta: Allah ya yi wa wane rasuwa, za a yi jana'izarsa da ƙarfe kaza a ƙofar gidansa da ke unguwa kaza. Ko talakan da ya fi kowa talauci, in dai ya kai dattijo, da wannan kalma ake sallamarsa, a ƙofar gidansa. Sai na ji sunan Bappa. Mai sanarwa ya ce za a yi jana'izarsa da ƙarfe biyu, a ƙofar gidan surukinsa.

Na zauna a kan buhun siminti da kwaɗon shago a hannuna. Maƙwabcina ya ce, "Honarabul, lafiya?" Na ce ya daina kirana da wannan sunan.

Na je jana'izar. Aka ja ni sahun gaba wai tsohon kansila, ɗan amininsa. Goggo ta riƙe hannuna ta ce ya sha cewa ni yaron kirki ne, aiki ne ya yi mini yawa. Na so a ce ba ta faɗa mini ba.

Ba na rubuta wannan don a ce mini Allah ya ƙaddara. Na sani, na kuma yi imani. Amma injiniya ta nuna mini hoto, mahaifiyata ta fassara mini, shi kansa ya tako sau uku, tafiyar kuma ta minti goma ce. Masu riƙe da kujera yanzu, ƙanana da manya, in za ku ji ta bakin wanda ya faɗi: mai ɗaga murya ba zai bari ku manta da shi ba, ba ya buƙatar taimakonku wajen wannan. Ku leƙa ƙarshen tabarma. Wanda ya zauna can ya ce gaisuwa ce kawai, ku bi shi gida.

Na nemi gafarar Allah, na kuma san Bappa ya yafe tun kafin in nema, domin haka halinsa yake. Ni ne dai ban gama da kaina ba. Har yau in ana karanta sanarwar rasuwa a rediyo, ina jin an zo wurin "a ƙofar gidansa" sai in tashi in shiga cikin shago, in kama gyara kayan da ba su buƙatar gyara.